Hatsin da Ɗan Jimma Ya Binne

Ku dai ku yi ta dariya. Tun daga bakin zaure nake jin ku, wai mi ke cikin ginin rihewa, laka ce a dunƙula a aza bisa laka. To madalla. Wanda ya faɗi hakan cikinku ya tashi, ga laka can, ya ɗaga mani bango kamu biyu wanda zai kwana bai zube ba, ni kuma in tuɓe hulata in ba shi. Ba mai tashi? Ai na sani. To ku zauna ku ji. Rihewa, wannan rumbun laka da kuke renawa, ita ke riƙe da ran gida daga kaka zuwa kaka, kuma na ga gidan da ya juya mata baya da idona. Gidan yayata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Rihewar da na fara sa wa hannu a Turba take, gidan wani mai shanu, lokacin ina bin kawuna Na-Allah. Shekara uku na yi bayanshi bai bar ni na aza ko curi ɗaya ba. Aikina in haƙo ƙasa da sangwami, in ɗebo ruwa, in tsinka ramno, busasshiyar ciyawar nan da ake cuɗawa da laka don ta kama jikinta. Kawu ba kowace ƙasa yake karɓa ba. Ƙasar suri yake so, amma surin da gara ta yi ƙaura ta bari, don in ka ɗebo mai rai ka kai wa hatsi maƙiyinshi har gida da kanka. In munka kwaɓa sai a rufe ta kwana bakwai, sai ta yi tsami tana wari tukun. Sannan a jera duwatsu tara, a gicciya itacen ƙirya bisansu, yadda gindin rihewa zai tashi daga ƙasa iska na wucewa ta ƙarƙashi. Daga nan zagaye ɗaya ake ɗorawa a wuni, a bari ya sha iska.

Mai shanun nan ya matsu, dammanshi na zube a gona. Ran da kawu ya tafi kasuwar Isa sai ya zo yana yi mani daɗin baki, wai ai hannuna ya fi na tsoho sauri. Ni kuma wawa kaina ya kumbura, na ɗora zagaye uku kafin la'asar. Da safe cikin rihewa ya sulluɓo gefe ɗaya. Kawu ya dawo ya duba, bai ko ɗaga murya ba, ya miƙo mani sangwami ya ce, “Rushe ta har duwatsu.” Aikin kwana goma sha biyu na rushe da hannuna, mai shanu yana tsaye yana rantsuwa wai shi bai ce mani komi ba. Tun ranar na daina yarda da bakin mai aiki.

Masu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai mai son a gina mashi ƙatuwa wadda za a hanga daga hanya, alhali ko rabinta ba ya cikawa. Akwai mai jan ka gefe ya ce ka yi mata ƙaramin wuya, ka buɗa cikinta, kar maƙwabta su gane. Duk ka sani, don kai ke shiga ciki ka shafe bango da tafin hannu, kai ka san dami nawa za ta ci. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Shi ya sa kawu yake cewa, abin da magini ya gani a gidan mutane ya aje shi a zaure kafin ya fita. Na riƙe wannan magana, Allah shi ne shaida.

Wani a Bafarawa ya taɓa aiko mani da zafi, wai rihewar da na gina mashi ita ke haifar ƙwari. Na tafi. Mi zan gani? Ya zuba sabon hatsi bisa ragowar na bara, ya kuma ɗaure bunsuru a dutsen gindinta, yana ta goga jiki yana fitsari wurin. Na ce, “Malam, ba rihewa ke da ciwo ba, kai ne.” Ku ji da kyau, don wannan ko ba ku zama magina ba zai yi maku amfani. Kafin a zuba sabo, a kwashe tsoho duka, a share, a kunna ɗan kara a ciki hayaƙi ya ratsa bango. A barbaɗa toka a ƙasa, a shimfiɗa ganyen ɗoɗɗoya. Hatsi da zangarniyarshi ake ajewa, ba a sussuke shi sai wanda za a ci. Kafin ya shiga, ka ciri ƙwaya ka ciza. In ta ce ƙas, to ya bushe. In haƙorinka ya nutse, mai da shi rana ko da hadari ya haɗo. Wake kuwa a cuɗa shi da rairayi mai laushi a tulu, a liƙe baki. Iri, wato zangarniyar da ka zaɓa don shukar baɗi, ita ce sama da komi, ba a haɗa ta da na ci. Dabba kuma a yi mata turke nesa.

To, ga muguwar shekarar. Lokacin kawu ya rasu, ina zaune Kurawa da iyalina, aiki ya dawo hannuna. Ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka ta cinye gonakin gabas. Ana cikin wannan sai ga magana, wai Nasara na yaƙi can wata ƙasa, ana son hatsi daga kowane gari. Bayan kaka mutanen hakimi sunka iso da jakuna da buhuna. Abin da ya tada hankalin mutane ba karɓar ba ce kaɗai. Ba su yi ta lalube ba, kai tsaye suke zuwa ƙofar mai hali su ce, kai kana da kaza, kawo kaza. Har wanda ya ɓoye rihewarshi bayan ɗakin matarshi sun san da ita.

Da sunka tafi sai gari ya fara tambayar kanshi, wa ya faɗa masu? Ba sai an yi dogon tunani ba. Wa ya san cikin kowace rihewa a Kurawa in ba Ummaru magini ba? Ba wanda ya tare ni ya faɗa. Gaisuwa ce ta gajarta. In na iso gindin tsamiya inda ake hira, sai a koma zancen ciwon jakuna. Mutum biyu da sunka ce in zo in yi masu gyara sunka aiko wai sun fasa. Wallahi ban faɗa wa kowa komi ba. Ni kaina ina da wanda nake zato, wani wanzami da ke shiga kowane gida da zabirarshi yana aski yana ƙirga abin mutane da ido, amma ban kama shi ba, kuma zato zunubi ne. Har yau ban san ko wane ne ba.

Mijin yayata Hassi, Ɗan Jimma, falke ne. Yana kai fatu da goro Madawa da ƙasar Adar, can hannun Faransa, ya dawo da gishiri da kanwa. Gonarshi na bakin fadama, fara ba ta taɓa ta ba, shekarar nan ya samu hatsi fiye da kowa a unguwarsu. Rihewa biyu na gina mashi da hannuna. Ɗiyansu huɗu, ga tsohuwarshi, duk abin da za su ci har wata kaka yana cikin rihewar nan biyu. Mutanen hakimi sun ɗebi rabonsu a gidanshi, sai kuma anka fara raɗe-raɗin za su dawo karo na biyu.

Da, ni da Ɗan Jimma wasa muke yi, kun san tsakanin mutum da ƙanen matarshi. In ya gan ni sai ya ce, “Na-laka, yau wace gara ka kora daga gidanta?” ni kuma in ce mashi mijin jakuna. Sai ga shi ranar wata Juma'a ya ce mani, “Malam Ummaru, ina wuni.” Malam Ummaru! Nan na san shi ma ya bi sahun gari.

Bayan kamar sati biyu na bi ta bayan gidansu na ji ana sussuka. Turmi uku ke aiki, amma ba lugude, ba waƙa, ba dariyar mata. Wane irin sussuka ne wannan kamar ana zaman makoki? Washegari haka, jibi haka. Na shiga gaida Yaya, na ga awakinsu sun ƙoshi da ƙaiƙayi har suna tattaka shi. Da zan fita na wuce ta jikin babbar rihewa, sai hannuna ya ƙwanƙwasa ta. Ɗabi'ar magini ce, ba ka ma sanin ka yi. Ta amsa mani da ƙarar wofi. Ina ɗaga kai sai ga Ɗan Jimma a bakin zaure ya zuba mani ido. Bayan garken awaki kuma na ga an baza wata baƙar ƙasa mai danshi an rufa mata taki. Ni da ƙasa ba a yi mani ɓoyo. Irin wannan sai an yi zurfin gaba guda ake samunta.

Sai na gane. Ya sa an sussuke kusan hatsin duka, ya haƙa rami cikin ɗaki, ya binne. Ni kuwa na san hatsin nan bai gama bushewa ba, na kuma san ƙasar unguwarsu.

Yaya ta zo gidanmu kawo wa Inna tuwo, na tare ta a tsakar gida.

Na ce, “Yaya, mi ya sami hannunki haka duk ya yi kanta?”

Ta ɓoye shi cikin zane. “Aiki ne.”

“Wane ɗaki ne?”

Ta ce, “Ummaru, don girman Allah kar ka tambaye ni abin da anka sa ni rantsuwa a kanshi.”

Na ce, “To ba na tambaya. Abu ɗaya za ki gaya mani. Iri fa? Ya bar iri a sama?”

Sai ta duƙa ta ɗauki akushinta. Wannan ya ishe ni amsa.

Kun ga inda na tsaya? In na yi shiru, abincin ɗiyan yayata zai ruɓe. In na yi magana, na nuna na san abin da anka ɓoye, kuma mutumin da ake zargi da leƙen asirin gidaje ya zo da bakinshi ya tabbatar. Kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku na iske shi da hantsi yana gyara mangalar jaki, shi kaɗai.

Na ce, “Ɗan Jimma, magana za ni yi, ka ji ta har ƙarshe sannan ka zage ni. Ramin nan ka buɗe shi.”

Bai ɗago ba. “Wane rami?”

“Haba! Ni za ka yi wa haka? Hatsinka ɗanye ne. In ka rufe shi a ƙasa zai yi gumi, ya yi zafi, ya kama kanshi. Fitar da shi ka baza kwana uku a rana. In tsoron mutanen hakimi kake, ni za ni gina maka ƙananan rumbuna cikin ɗaki, bisa duwatsu, in ja masu bango a gaba, ba mai sani. Ko ƙwaya ba na so.”

Sai ya aje mangalar, ya yi wata 'yar dariya. “Ka gina, don ka san inda yake ke nan.”

“Ai yanzu ma na sani.”

Kai, wannan kalma ita ta kashe ni. Fuskarshi ta sake. Ya ce, “Ashe ka sani. Wa ya aiko ka? In baza hatsi tsakar gida kwana uku, kowa ya gani, ran na huɗu jakunan hakimi su iso. Dabarar ke nan?”

Na ce, “Wallahi tallahi ba wanda ya aiko ni sai ɗiyan Yaya.”

Ya ce shi ya ga Buzaye a Adar suna binne hatsi shekara uku, a tono shi garau kamar jiya anka zuba. Ba ƙarya ya yi ba, suna yi. Na ce mashi Adar tudu ce, dutse da rairayi, rijiyarsu sai an haɗa igiya da igiya. Nan kuwa gidanka na bakin fadama, gaba uku ka haƙa sai ruwa. Su kuma sai hatsi ya bushe ƙamas suke zubawa, su yi mashi shimfiɗar ƙaiƙayi ta kowane gefe. Ka ga abin da sunka yi, ba ka ga ƙasar da sunka yi shi a ciki ba.

Ya miƙe ya ce, “Mai laka zai koya mani duniya, ni da na taka ta da ƙafata? Ka ji, Ummaru. Ba rami a gidana. In kuwa wani ya zo neman rami, na san bakin da ya kai. Kar ka sake taka mani zaure.”

Na fita cike da haushi. Kuma ba inda za ni kai ƙara. In na gaya wa maigari ya sa baki, na zama abin da ake cewa ni ne. In na gaya wa liman, shi ma kunne gare shi da baki. Ko Inna ban gaya mata ba, don tsohuwa in ta damu sai ta yi zance. Haka na haɗiye maganar nan wata biyar. Aiki ya tsaya mani a Kurawa, sai na riƙa tafiya Turba da ƙauyukan Isa ina yaɓen katanga don in ciyar da gidana. Duk ran da na dawo sai in bi ta bayan gidan Yaya in shaƙi iska, ko za ni ji warin da nake tsoro. Wata rana matar maƙwabcinsu ta gan ni ina haka, kafin azahar gari ya ɗauka wai ina sunsunar gidaje.

Su kuwa suna ta cin ɗan abin da anka bari a ƙaramar rihewa don idon mutane. Ya kai su har bazara. Mutanen hakimi fa? Ba su dawo ba. Ko ƙurar jakinsu ba mu sake gani ba shekarar nan.

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi ranar wata Talata. Washegari gari duka ya fita shuka, kowa da sungumi a kafaɗa. Ina ɗaure wa iri baki a ƙwarya sai ga Yaya ta shigo ba ko sallama, ba mayafi. Ta ce, “Zo.” Ban tambaye ta ko an ɗage mani dokar zaure ba, na bi ta.

Tun daga tsakar gida wari ya tare ni, irin na giyar da ta lalace. Ɗakin tsohuwarshi ne, sun janye gado sun ɗage murfin da ke ƙarƙashinshi. Ɗan Jimma na durƙushe bakin ramin. Hatsin sama, kamar zurfin tafin hannu, yana nan da kyan gani, shi ne ya yaudare su duk lokacin da sunka leƙa. Na naɗe hannun riga na tura hannuna har gwiwar hannu. Zafi kamar tuwon da anka sauke yanzu. Na ciro dunƙule baƙi ƙirin, ya kama jikinshi, farin gashi ya lulluɓe shi. Ta gefen bango kuwa har ya tsira ya ruɓe. Munka yi ta kwasa da ƙwarya, ni da Yaya, muna neman inda ya tsira da lafiya. Buhun iri yana can ƙasa, don shi ya fara sakawa wai ya fi tsaro. Da na ɗago shi sai gindin buhun ya zauna a ramin.

Anka zuba wa jaki kaɗan a gwada. Ya sunsuna ya kau da kai.

Abin da munka tsamo mai ciyuwa bai kai na sati uku ba. Tsohuwa na ta salati, yara sun jeru jikin bango suna kallo. Ban ce wa Ɗan Jimma na gaya maka ba, don mi za ta ƙara? Ƙasa ta jiƙe, kuma wanda bai yi shuka cikin kwana biyun nan ba ya bi bayan damina. Na koma gida na raba irina biyu, wanda na rataya tun kaka a hayaƙin madafa. Matata ta dube ni, na ce mata ta yi haƙuri. Na ɗauko rabi a ƙwarya na dawo.

Na iske shi zaune bisa turmi a tsakar gida. Na miƙa mashi na ce, “Ga shi, rana na yi. Tashi ka tafi gona.”

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Bai karɓa ba. Sai ya sa yatsu ya ɗebi kaɗan, ya kira wata kaza da ke tono gindin danga, ya watsa mata. Ta zo ta hau tsattsaga. Gwadawa yake, ko na sa wa irin guba. Mu duka muna tsaye muna kallon kaza tana ci, ni da ƙwarya a hannu. Yaya ta ce, “Ɗan Jimma, ka ji tsoron Allah,” ta rufe fuska da zane tana kuka. Shi ko bai ɗauke ido daga kazar ba. Sai da ta cinye tas, ta karkaɗe fiffike, ta koma tononta lafiya lau, sannan ya miƙo hannu biyu ya karɓa.

Ya auna nauyinta a hannu, ya ce, “Iri mai kyau.” Sai ya ƙara da cewa, “Kai kuma ya anka yi mutanen hakimi ba su taɓa naka ba?”

Na jira ya juye a tasu ƙwaryar, na karɓi tawa na fita. Shekarar nan rabin gonata ciyawa ce ta fito a cikinta.